Otumfuo Opoku Ware II: Sarkin Tonawa da ya nemi Ingila ta maido da kayan kakanninsa

A watan Mayun shekarar 2024 mutanen Kumasi sun yi ta tururuwa zuwa gidan tarihi na fadar Manhyia domin su kashe kwarkwatar idonsu da wasu kayan zinariya da suka dawo daga Ingila, bayan mafi yawansu sun shafe shekara ɗari da ɗoriya a hannun Turawa. An yi kiɗa, an yi rawa, an yi jawabai, to sai dai mutumin da ya ɗauko wannan magana tun shekara 50 kafin wannan rana ba ya cikin taron, domin a lokacin ya shekara 25 a ƙasa. Wannan mutum kuwa shi ne marigayi Otumfuo Opoku Ware II, Asantehene na 15.

Mu da muke jagorancin samari a zango yawancinmu ba mu riske shi ba, labarinsa muka ji a bakin iyayenmu, sauran kuma muka karanto. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa a yau shi ne wata magana da muke yawan ji a majalisun matasanmu, wai ina ruwan ɗan zango da kujeru da takubban Tonawa. Muna roƙon mai irin wannan tunani ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci da kansa.

Haihuwa da tasowarsa

An haife shi a Kumasi ranar 30 ga Nuwamba, 1919, a gidan sarauta na dangin Oyoko, aka raɗa masa suna Jacob Matthew Poku. Ya zo duniya a lokacin da garin ba shi da sarki, domin Turawan Ingila sun kama Asantehene Prempeh I tun 1896, suka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani kuma suka wuce da shi tsibirin Seshel da ke can tsakiyar tekun Indiya. Yaron yana da kimanin shekara biyar aka bar Prempeh I ya dawo gida a 1924, kuma ko da ya dawo ɗin ma, Turawa cewa suka yi a ɗauke shi kamar kowane talaka. Sai a 1935, bayan rasuwarsa da shekara huɗu, aka maido da tarayyar Asante a ƙarƙashin Prempeh II, wanda kawu ne ga Matthew Poku. Ke nan ya taso yana ganin gidansu yana tattara abin da ya watse a hankali a hankali.

Ya yi karatun farko a makarantar cocin Angilikan, cocin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, sannan ya wuce kwalejin Adisadel da ke Cape Coast. Da ya gama sai ya kama aikin duba gine-gine, ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka, daga baya ya koyi aikin safiyo. A 1945 ya auri Victoria, wadda ita ma jinin sarauta ce. Mutum mai iyali da sana'a a hannu yakan ce karatu ya ishe shi haka, amma shi bai ce haka ba. A cikin shekarun 1950 ya tafi Landan ya shiga karatun lauya a Middle Temple, kuma a 1962 aka rantsar da shi a matsayin barista yana da shekara 40 da 'yan kai. Da ya dawo ya ɗan yi aiki a Akra, sannan ya buɗe ofishinsa na lauya a Kumasi.

Jakadan da bai je Italiya ba

Bayan sojoji sun hamɓarar da Dokta Kwame Nkrumah a watan Fabrairun 1966, gwamnatinsu ta NLC ta ɗauko wasu fararen hula ta ba su ma'aikatu, inda a 1968 aka naɗa Barista Poku kwamishinan da ke kula da harkokin sadarwa. A 1970 kuma, zamanin gwamnatin Dokta Busia, aka ba shi jakadancin Ghana a ƙasar Italiya. Yana cikin shirin tafiya sai Prempeh II ya rasu a watan Mayun wannan shekara.

Kamar yadda mu mazauna cikinsu muka sani, su Tonawa ta wajen uwa suke gadon sarauta, kuma Asantehemaa, wato magajiyar masarauta, ita ke fitar da wanda za a naɗa, manyan sarakuna su amince. Wadda ke kan wannan kujera a lokacin, Nana Ama Serwaa Nyarko II, ta fitar da shi, kuma a watan Yulin 1970 ya hau gadon kakanninsa da sunan Opoku Ware II. Don haka jakadancin Italiya ya sha ruwa, amma abin da ya koya na shari'a da aikin gwamnati da zaman Ingila bai tafi a banza ba, domin da su ya tunkari babban al'amarin da muke magana a kai.

Yadda kayan suka bar Kumasi

Kafin mu zo ga buƙatarsa, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda kayan suka fita. A farkon 1874 rundunar Ingila a ƙarƙashin Sir Garnet Wolseley ta haura daga bakin teku, ta gwabza da mayaƙan Asantehene Kofi Karikari a Amoaful, ta shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu. Daga sunan wannan kwamanda ne Tonawa suka laƙaba wa yaƙin suna Sagrenti. Sojojin sun kwashe abin da suka iya ɗauka a fada, suka tarwatsa ginin da albarushi, suka cinna wa gari wuta. A yarjejeniyar Fomena da ta biyo baya aka ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000, wadda aka biya wani ɓangare nata da kayan adon sarauta. An yi gwanjon wasu kayan a Cape Coast, wasu kuma suka faɗa hannun kamfanin Garrard, maƙeran zinariya na gidan sarautar Ingila, wanda ya sayar da su ga gidajen tarihi da attajirai.

A 1896 aka sake kwasa, lokacin da aka kama Prempeh I, har da hubbaren sarakuna na Bantama. A 1900 kuma gwamna Frederick Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Tonawa ke ɗauka a matsayin ran al'ummarsu kuma ko sarkinsu ba ya zama a kanta. Wannan ne ya haddasa yaƙin da Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranta. An ci su da yaƙi, an kuma ƙara kwasar kaya, amma kujerar dai sun ɓoye ta, Bature bai taɓa fita da ita ba.

Buƙatar shekarar 1974

A 1974 yaƙin Sagrenti ya cika shekara 100, kuma Opoku Ware II, da shekararsa huɗu kacal a kan gado, ya ga cewa lokacin magana ya yi. Ya gabatar da buƙata a hukumance cewa a maido da kayan sarauta da sauran abubuwan da sojojin Ingila suka ɗauka a 1874 da 1896 da 1900, gwamnatin Kanar Acheampong kuma ta mara masa baya ta hanyar diflomasiyya.

Ba shi kaɗai ke wannan kira a Afirka ba a wancan zamani. A 1970 hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi, sai dai ba ta shafi abin da aka riga aka kwashe kafin ta fara aiki ba. A watan Oktoban 1973 Shugaba Mobutu na Zayar ya tayar da maganar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan Disamba majalisar ta zartar da ƙuduri a kan maido da irin waɗannan kaya. Nijeriya ta nemi a ba ta fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin domin bikin FESTAC na 1977, aka hana ta. A 1978 shugaban UNESCO, Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, ya yi wa duniya irin wannan roƙo. Abin da ya bambanta buƙatar Kumasi shi ne daga bakin mai kayan ta fito, magajin waɗanda aka fasa wa gida, kuma lauyan da ya yi karatu a garin da kayan suke.

Amsar da aka ba shi gajeriya ce. Gidan tarihi na British Museum ya fake da dokar 1963 da ta hana amintattunsa fitar da abin da ke cikin ma'ajiyarsu, gwamnati kuma ta ce ita ba ta da iko a kan amintattun. A watan Disamban 1974 maganar ta je gaban majalisar dattawan Ingila, inda aka yi bayanin cewa Tonawa sun yi imani kurwar kakanninsu na tattare da wasu daga cikin kayan. A nan ne wani ɗan majalisar ya yi ba'a, yana tambaya ko ba za a iya riƙe ganimar a mayar musu da kurwar kawai ba. Da irin wannan raha aka sallami buƙatar sarki guda da al'ummarsa.

Abin da ya yi bayan an hana shi

Wani sarkin da ya yi fushi ya yanke hulɗa, wani kuma da ya haƙura ya manta. Opoku Ware II bai janye buƙatarsa ba, bai kuma rufe ƙofa ba. A 1981 aka shirya babban baje kolin kayan Asante a gidan tarihi na Museum of Mankind da ke Landan, a ƙarƙashin kulawar masani Malcolm McLeod, sarkin kuma ya je da kansa tare da tawagarsa ya buɗe shi. A 1984 aka kai baje kolin birnin Niyu Yok na Amurka, can ma ya je da cikakkiyar shigar sarauta, da laima da makaɗa.

Mai karatu zai iya cewa wannan kamar mutum ne ya je gidan wanda ya sace masa akuya ya taya shi cin nama, kuma mu ma da muka fara jin labarin haka muka ɗauka. Amma da muka ƙara dubawa sai muka ga wani abu daban. Kafin wannan lokaci Bature mai zuwa kallo yana ɗaukar kayan a matsayin tarkacen wata daula da ta shuɗe. Ranar da ya ga sarki mai rai ya shigo sanye da irin waɗannan zobba da warwaro, da mutanensa riƙe da irin waɗannan takubba, dole ya gane cewa kayan suna da masu su, kuma masu su ɗin sun san inda suke.

Akwai kuma wata hujja da Turawa suka daɗe suna kafawa, cewa ko an maido wa Afirka kayanta ba ta da inda za ta adana su. Wannan hujja da aiki ya amsa ta. Tsohon gidan sarki na Manhyia, wanda Turawa suka gina a 1925 domin Prempeh I, wanda kuma ya ƙi shiga sai da Tonawa suka biya kuɗinsa, shi Opoku Ware II ya bari bayan ya koma sabuwar fada a gefensa. A watan Agustan 1995, lokacin bikin cikarsa shekara 25 a kan gado, ya buɗe shi a matsayin gidan tarihi. Tsohon mai duba gine-gine ya tanadi ɗaki domin kayan da babu wanda ya yi masa alkawarin za su dawo.

Duk wannan ya yi shi ne a zamanin da ƙasa ba ta zauna lafiya ba. A kan idonsa gwamnatin Busia ta faɗi a 1972, Acheampong ya zo ya wuce, Akuffo ya wuce, Rawlings ya zo a 1979, Limann ya karɓa, Rawlings ya dawo a ƙarshen 1981, har aka koma mulkin farar hula a 1993. Ya kame kansa daga siyasar jam'iyya, ya maida hankali ga shari'un filaye da rigingimun sarauta, waɗanda su ne suka fi cin ran talakawansa. A 1985 ya ƙirƙiro sarautar Nkosuohene, wato sarkin raya ƙasa, domin jawo masu hali su yi wa garuruwa aiki, sarautar da daga baya ta bazu a sassan Ghana.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Matarsa Victoria ta rasu a 1996 bayan zaman aure na shekara 50 da ɗoriya. Shi kuma ya bi ta a ƙarshen watan Fabrairun 1999 yana da shekara 79, aka yi masa jana'izar da ta haɗa al'adar gargajiya da ta coci, aka binne shi a watan Maris a hubbaren sarakuna na Breman. Ya bar duniya kayan da ya nema a 1974 suna nan a Landan inda suke. A watan Afrilun 1999 Otumfuo Osei Tutu II ya gaje shi, ya kuma gaji maganar.

Daga baya iska ta juya. A 2018 Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa rahotonsu a kan kayan Afirka, a 2021 Faransa ta maido wa Jamhuriyar Benin kaya 26, a 2022 kuma Jamus ta amince ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan tagulla na Benin. A 2023 Osei Tutu II ya sake tayar da maganar a Landan, kuma waɗanda suka yi masa cinikin su ne masanin tarihi Ivor Agyeman-Duah da Malcolm McLeod, mutumin nan dai da ya shirya baje kolin 1981. Zumuncin da marigayi ya ƙulla a lokacin da ake ganin kamar ya sassauta, shi ne ya yi rana bayan shekara 40.

A watan Fabrairun 2024 gidan tarihi na Fowler da ke jihar Kalifoniya ya maido da kaya bakwai, kyauta ba tare da sharaɗi ba, ciki har da wata kujera da mafici na wutsiyar giwa. Bayan haka kaya 32 suka iso daga Landan, 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert, ciki har da takobin sarauta da ake kira Mpomponsuo, da lofe na zinariya, da faya-fayan zinariya da masu wanke kurwar sarki ke ratayawa a ƙirji. An jera su a gidan da Opoku Ware II ya buɗe a 1995. To sai dai a nan gizo ke saƙar, domin waɗannan 32 aro aka ba da su na shekara uku, da damar ƙara wasu uku. Dokar 1963 da aka kafa wa marigayi hujja da ita ba a soke ta ba, kuma akwai makamanciyarta ta 1983 da ta ɗaure ɗaya gidan. Mai kaya yana aron kayansa, wannan shi ne matsayin da maganar ta kai, don haka aikin da ya fara bai ƙare ba.

Ina ruwan ɗan zango?

Yanzu bari mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Gaskiya ɗaya ce, sunanmu yana cikin wannan labari ta fuska biyu, ɗaya mai daɗi, ɗaya mai ɗaci. Tun kafin yaƙin Sagrenti fataken goro daga ƙasar Hausa suna zuwa Salaga ta Gwanja suna ciniki da Tonawa. Turawan da suka ziyarci Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Wani tarin takardun Larabci na malaman Kumasi na wancan zamani yana can a babban ɗakin karatu na Kofanhagan a ƙasar Danmak. Ashe abin da ya fita daga Kumasi zuwa Turai bai tsaya ga zinariya ba, har da tawadar malamanmu.

Ta ɗaya fuskar kuma, a rundunar 1874 akwai sojojin da Turawa ke kira Hausawa, wasu suna harba igwa a ƙarƙashin Wolseley, wasu suna tare da Kyaftin Glover da ya biyo ta gabas. An sake amfani da irinsu a 1896 da 1900. Ba dukkansu ne Hausawan asali ba, da yawa bayi ne da suka tsere daga iyayengijinsu, wasu kuma mutanen arewa ne da Hausa ta zame musu harshen bariki, amma da sunanmu aka rubuta su. Ba mu faɗi wannan domin wani ya sunkuyar da kai ba, talaka mai neman abinci ba shi ya yi gwanjo a Cape Coast ba. Mun faɗa ne domin wanda kakanninsa suka kasance a wurin ranar da aka fasa gida, kuma masu gidan suka zauna da shi da 'ya'yansa da jikokinsa shekara ɗari da ɗoriya, bai kamata ya ce babu ruwansa ranar da ake neman a maido da abin da aka ɗauka ba. Tonawa suna da imaninsu a kan waɗannan kaya, mu muna da namu addini, amma haƙƙin mai abu a kan abinsa magana ce da kowa ya yarda da ita.

Sannan akwai darasin da ya fi kusa da mu. Marigayi ya nemi kayansa a rubuce, ya san shekarun da aka ɗauke su, ya kuma tanadi wurin ajiye su. Mu fa? A gidaje da yawa na zangunanmu, daga Kumasi zuwa Akra, Tamale, Salaga da Kete Krachi, akwai akwatuna da gafakoki cike da rubuce-rubucen kakanninmu na Larabci da ajami, da wasiƙun fatake, da tsofaffin hotuna da takardun filaye. Gara tana ci, ruwan sama yana jiƙawa, wani lokaci kuma idan tsoho ya rasu sai magada su zubar ko su sayar wa baƙo a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Waɗannan babu sojan da ya zo ya ƙwace mana su, kuma idan suka salwanta ba mu da wata majalisa da za mu kai ƙara.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu matasa, kowa ya zauna da dattijon gidansu ya tambaye shi abin da ke cikin akwati, a rubuta sunan kowane littafi da mai shi, a ɗauki hotonsa da waya, a sa shi inda laima ba za ta kai ba. Muna kuma roƙon iyayenmu sarakunan zango da limamai su duba yiwuwar ware ɗaki ko da guda ɗaya ne domin wannan aiki. Malaman makarantunmu na Islamiyya da na boko su ma su shirya su kai yara Manhyia su ga kayan nan da idonsu tun wa'adin aron bai cika ba, a kuma gaya musu sunan mutumin da ya fara nema.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana, Ya zaunar da ƙasarmu Ghana lafiya, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da masu masaukinmu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.